Igwar Tanimu: Tarihin Albarushi Daga Fagen Daga Zuwa Filin Salla

Ranar da muka koma aji bayan hutun babbar salla, wani ɗalibina na kolej ya tsaya bayan an tashi, ya miƙo mini wayarsa don in ga wani hoton bidiyo. A ciki wasu Amurkawa ne, tsofaffi da matasa, sanye da tufafin sojan da, suna ɗura wata igwa ta tagulla a tsakiyar saura. Suka ba ta wuta, farin hayaƙi ya turnuƙe, sai suka kama tafi da dariya. Yaron ya ce, "Mushe, mi ake ce ma wannan da Hausa?" Na ce masa igwa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe muna da sunanta? Ni na ɗauka ba mu taɓa ganin ta ba sai da Nasara suka zo."

Wannan yaro haifaffen Birni ne a Damagaram, kuma kullum a kan hanyarsa ta zuwa makaranta yana wucewa ta gefen kufan ganuwar da Sarki Tanimu ya gina. Ban ga laifinsa ba, domin yaro ba ya sanin abin da ba a faɗa masa ba. Laifin namu ne, mu malamai da masu kula da al'adu. Dalilin wannan rubutu ke nan: in tattara a wuri guda abin da ya tabbata game da albarushi da igwa a ƙasashenmu, in nuna yadda wannan makami ya bar fagen yaƙi ya koma abin biki da nishaɗi a ƙasashe da dama, sannan in faɗi abin da nake ganin ya rataya a wuyanmu.

Kalmomin da asalin albarushi

Mai koyar da harshe yakan fara da kalma, domin kalma takan nuna hanyar da kaya suka biyo. Bindiga ta fito daga Larabci, bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi daga ar-rasas, wato darma, ƙarfen da ake narkawa a yi ƙwayar harbi. Har igwar ma tana da wani suna a Hausa, madafa, daga midfa'. Waɗannan kalmomi huɗu sun isa shaida cewa sanin bindiga ya zo mana ne ta arewa da gabas, tare da ayarin raƙuma, tun kafin Turawan mulkin mallaka su tako ƙasarmu.

Shi albarushi a ƙasar Sin aka gano shi, a ƙarni na 9, kuma an rubuta haɗinsa a cikin wani littafin dabarun yaƙi na Sinawa a shekara ta 1044. Abubuwa uku ake haɗawa: gishirin albarushi, wanda Faransawa ke kira salpêtre, da gawayi, da farar wuta. A haɗin da ya shahara, gishirin shi ke ɗaukar kashi 75 cikin 100, gawayi 15, farar wuta 10. Gawayi da farar wuta su ne abincin wutar, gishirin kuwa shi ke ba ta iskar da take bukata ko da a rufe take ruf. Don haka garin ke ƙonewa cikin ƙiftawar ido a cikin bututu, ya zama iska mai zafi wadda ba ta da mafita sai ta baki, ta tunkuɗa duk abin da ke gabanta. Fiye da rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska, yakan fita ne a matsayin hayaƙi ko ya maƙale a cikin bututun kamar toka. Wannan toka, kamar yadda za mu gani, ita ce ta fi yanke hannun masu harbi.

A Turai an fara ambaton igwa a takardun birnin Fulorans na Italiya a shekara ta 1326. A 1453 Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ya rushe ganuwar Kustantiniya da manyan igwogin tagulla, birnin da ya yi shekara fiye da dubu yana dogaro da katangarsa. Daga wannan lokaci duk sarkin da ke da birni ya san cewa ganuwa kaɗai ba ta isa ba.

Zuwan bindiga ƙasashen Sudan

A yankinmu, an ji ƙarfin albarushi a fili ranar yaƙin Tondibi, kusa da Gao, a shekara ta 1591. Rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Basha ta ƙetaro hamada da bindigogi da ƴan igwogi, ta tarar da rundunar Askiya Isiyaku na Biyu wadda ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. An ruwaito cewa Sangayawa sun koro garken shanu don su tarwatsa sahun abokan gaba, amma da shanun suka ji ƙarar harbi sai suka juyo a guje suka afka wa masu su. Daular Sangai ba ta sake farfaɗowa ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan darasi, domin zai dawo: a zamanin da yaƙi ya dogara ga dabba, ƙara kanta makami ce.

A gabas kuwa, a ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Barno ya samo Turkawa masu harbi, ya kuma sa aka horar da bayinsa. Limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa. A ƙasar Hausa, Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, a farkon rabin ƙarni na 18, ya kuma nuna cewa Babba Zaki ne ya fara ajiye ƴan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Duk da haka, har jihadin 1804 da bayansa, doki da lifidi da mashi da kibiya su ne ke yanke hukunci a fagen daga. Bindiga mai ƙanƙara tana da tsada, ɗurinta na cin lokaci, kuma damina na lalata garinta.

Igwa ta fi bindiga wuyar samu. Lokacin da Turawan Ingila Denham da Clapperton suka iso Kukawa a 1823, sun tarar Shehu Laminu, wato Muhammadu al-Amin al-Kanemi, yana da ƙananan igwogi biyu. Kafintan ayarinsu, Hillman, shi ya yi musu keken da za a ɗora su a kai. Shekara guda bayan haka, a yaƙin Ngala na 1824, waɗannan igwogi biyu sun taimaka wajen karya rundunar Bagarmi. Labarin irin wannan nasara ba ya ɓoyuwa, kuma Damagaram a lokacin tana cikin ƙasashen da ke kai gaisuwa Barno.

Tanimu da maƙeransa

Sarki Sulaimanu ne ya mai da Zinder mazaunin sarautar Damagaram a farkon ƙarni na 19. Ƴaƴansa biyu, Ibrahim da Tanimu, sun daɗe suna ja-in-ja a kan gadon. Tanimu ya hau na ɗan lokaci daga 1841 zuwa 1843, sannan ya dawo a wajen 1851 ya riƙe mulki har rasuwarsa a 1884. A cikin waɗannan shekaru talatin da ƴan kai ne Damagaram ta tashi daga ƙaramar ƙasa mai biyan haraji ta zama ƙarfin da Kukawa da Kano ke lissafi da shi. Matafiyi Bajamushe Nachtigal, wanda ya sauka Kukawa a 1870, ya tarar ƙarfin Tanimu na cikin abubuwan da ke damun fadar Shehu Umaru.

Abu na farko da Tanimu ya yi shi ne kewaye Birni da babbar ganuwa ta ƙasa, a wajen shekara ta 1856. Abu na biyu shi ne tara bindigogi ta hanyar fataucin hamada. Zinder na zaune a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Damargu da Abzin, ta wuce Gat da Gadamas har Tarabulus. Ta nan bindiga ke zuwa, da darma, da farar wuta, da jan ƙarfe. Abu na uku, wanda shi ne ya bambanta shi da sarakunan zamaninsa, shi ne ya ƙi tsayawa ga saye. Ya sa ana haɗa albarushi a cikin gari, ana zubin igwogi na tagulla, ana yi musu keke da ƙwayoyin harbi.

Ruwayoyin da aka tattara daga bakin dattawa a farkon ƙarni na 20, musamman a lokacin ayarin Tilho wanda ya yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, su ne tushen mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan zamani. Adadin da ake yawan kawowa shi ne bindiga 6000 da igwa 40. Malami ya kamata ya faɗa wa ɗalibansa cewa irin wannan adadi na fada ne, kuma fada ba ta rage wa sarki. Amma ko an raba shi biyu, babu wani sarki tsakanin Kwara da tafkin Cadi da aka ruwaito ya mallaki makamancinsa a wannan lokaci. André Salifou, a cikin littafinsa na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19, da Joseph Smaldone, a cikin nasa na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato, duk sun tsaya a kan wannan batu.

Mu tsaya mu auna abin da zubin igwa ke bukata. Maƙeran fari na ƙasar Hausa sun saba da narka ƙarfe kaɗan don yin munduwa, ko likkafa, ko adon linzami. Igwa kuwa tana son a narka ƙarfe mai yawa a lokaci guda, a zuba shi gaba ɗaya kafin ya fara daskarewa. Wannan na nufin tarin gawayi, da zugazugai masu yawa da ke aiki tare, da mazubi na yumɓu da ya bushe sarai, domin ɗigon danshi ɗaya kan iya tarwatsa aikin da masu aikin. Haɗa albarushi shi ma yana son a tace gishirin, a zaɓi gawayin itace marar nauyi irin na tumfafiya, a daka a jiƙe don gudun tartsatsi, a shanya, a tankaɗe. Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Yana bukatar hukuma mai iya tara ma'aikata, ta ciyar da su, ta samo kaya daga nisan tafiyar watanni. Wannan tsari, a ganina, shi ne babban abin da ya cancanci nazari, fiye da ƙarfen kansa.

Amfaninsu da farashinsu

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abubuwa biyu ne ba za mu tsallake ba in muna son ɗalibai su yarda da mu.

Na farko, waɗannan igwogi ba su kai na Turai na zamaninsu ba. A Turai tun ƙarni na 18, bayan dabarar Maritz, ana zuba igwa ne a dunƙule sannan a huda cikinta da inji, don ramin ya miƙe ya yi sumul. Igwar da aka zuba da raminta kuwa, kumfar iska kan maƙale a cikin jikin ƙarfen inda ido ba ya gani, kuma ƙwayar harbi ba ta cika bakin daidai. Sakamakon haka harbi ba ya nisa, ba ya saiti, kuma wani lokaci igwar kan fashe ta kashe masu ɗura ta. Babban aikinsu shi ne tsoratarwa: su firgita dawaki, su karya zuciyar mutanen garin da aka kewaye, su sanar da duniya cewa sarkin Damagaram na da abin da maƙwabtansa ba su da shi. Wanda ya tuna da shanun Tondibi ba zai raina wannan aiki ba.

Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, shi ne abin da aka biya da shi. Ayarin da ke kawo bindiga da farar wuta yana komawa arewa da fatu da gashin jimina da hauren giwa, kuma yana komawa da mutane. Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Zinder a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na hare-haren kamun bayi. Bindiga na kawo bayi, bayi na sayo bindiga, kuma yawancin ƴan bindigar sarki su kansu bayi ne. A cikin kowane aji da muke koyarwa a yau, daga Magarya zuwa Gure, akwai jikokin waɗanda suka harba da jikokin waɗanda aka harba. Tarihin da ya ambaci igwa ya manta da wannan, kirari ne kawai. Kirari na da wurinsa a ƙofar fada, amma aji wurin bincike ne.

Daga 1884 zuwa Tirmini

A shekarar da Tanimu ya rasu, wato 1884, wani masanin haɗa magunguna na Faransa mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro garin harbi marar hayaƙi, wanda ya ninka albarushi ƙarfi. A 1887 sojan Faransa ya karɓi bindigar Lebel mai aiki da wannan sabon gari. Tun kafin nan ma Turai ta riga ta bar ɗuri ta baki ta koma bindigar da ake sa wa harsashi ta baya, wadda soja ke harbawa sau da yawa kafin mai harba-ka-ruga ya gama ɗuri ɗaya. Ma'ana, a daidai lokacin da Damagaram ta ƙware a fasahar albarushi, masu fasahar sun riga sun wuce ta.

Bayan Sulaimanu ɗan A'isha, Amadu Kuran Daga ya hau a 1893. Ya yi amfani da makaman da ya gada wajen yaƙar Kano a zamanin Sarki Alu, har rundunarsa ta kai Gezawa. A ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe kaftin Kazamaju (Cazemajou) da tafintansa a Zinder. Shekara mai bi ayarin Bule da Shanuwan (Voulet da Chanoine) ya ratso ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa, daga Lugu inda Sarauniya ta tare shi, zuwa Birnin Ƙonni inda aka yi kisan da har yau ba a manta ba. Bayan mutuwar shugabannin biyu a watan Yuli 1899, sauran hafsoshin, Pallier da Joalland da Meynier, suka ci gaba. A ƙarshen watan aka gwabza a Tirmini, yamma da birnin. Ayarin na da bindigogi masu saurin harbi da igwa guda ta zamani mai faɗin baki milimita 80. Dawakin Damagaram ba su iya isa sahunsu ba. Ranar 30 ga Yuli suka shiga Zinder, kuma a watan Satumba aka kashe Amadu Kuran Daga. Ganuwar Tanimu ba ta ga yaƙin ba ma. Daga baya aka rushe mafi yawanta.

Ba rashin jarunta ne ya kayar da Damagaram ba, kuma ba rashin basira ba. Abin da ya kayar da ita shi ne tazarar da ke tsakanin maƙera da masana'anta. Wannan ma darasi ne ga ɗalibin da ke tambayar amfanin lissafi da kimiyya.

Yadda igwa ta zama abin nishaɗi

Yanzu mu koma ga hoton da ɗalibina ya nuna mini. Da albarushi ya bar hannun soja, bai mutu ba, ya koma hannun masu sha'awa. A Amurka akwai mutanen da ke sayen tsohuwar igwa ko su sa a ƙera musu sabuwa bisa tsohon fasali, su ajiye ta a gida kamar yadda wani ke ajiye doki. Dokar tarayyar ƙasar ba ta lissafa igwar da ake ɗurawa ta baki, wadda aka ƙera kafin 1899 ko aka kwaikwayi irinta, cikin makaman zamani ba. Ta kuma yarda mutum ya sayi albarushi har laba 50, wato wajen kilo 23, don wasa ko al'ada ba tare da lasisin tarayya ba, ko da yake jihohi na da nasu ƙa'idodin. Wata ƙungiya da ta samo asali a 1950 tana shirya gasar harbi da bindigogi da igwogin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, a filinta da ke kusa da garin Winchester a jihar Bajiniya. Cikin igwoginsu akwai wadda ake kira Napoleon, samfurin 1857, mai jefa ƙwaya ta kilo 5 da ɗan kai da albarushi kilo ɗaya da ɗan kai, zuwa nisan kusan kilomita ɗaya da rabi.

A Ingila ƙungiyar Sealed Knot, wadda aka kafa a 1968, tana sake kwaikwayon yaƙin basasarsu na ƙarni na 17, kuma can sai mutum ya sami takardar izini daga ƴan sanda kafin ya riƙe albarushi. A 2015, don cikar shekara 200 da yaƙin Watalu, dubban masu sha'awa daga ƙasashe daban-daban sun taru a Beljiyam da dawaki da igwogi suka sake buga yaƙin a gaban ƴan kallo. A Masar da wasu ƙasashen Larabawa kuwa, harbin igwa don sanar da shan ruwa a watan azumi tsohuwar al'ada ce.

Abin da ya fi jan hankalina ga waɗannan mutane shi ne tsantseninsu. Kowane mutum a gefen igwa yana da aikinsa guda. Bayan kowane harbi sai an zura ƙugiya an fitar da ragowar abin da ya ƙone, sannan a goge cikin da jiƙaƙƙen tsumma a bisa sanda, domin garwashi ɗaya da ya ɓuya a cikin toka ya isa ya tayar da sabon ɗuri alhali hannun mai ɗuri na bakin igwa. Duk lokacin da ake wannan, wani na toshe kafar wuta da babban yatsansa cikin safar fata, don kada iska ta shiga ta hura garwashin. Albarushi a aune yake tun daga gida, a ƙunshe, a cikin akwati rufaffe can baya. In an ba da wuta ba ta tashi ba, ba mai matsowa sai an jira. Kuma ba a taɓa zuba garin harbi na zamani a cikin bututun da aka yi don albarushi, domin zai fasa shi. Duk da wannan tsari ana samun haɗari a wurinsu lokaci-lokaci. Kowace ƙa'ida daga cikin waɗannan, hannun wani ne ko idonsa aka biya kafin a kafa ta.

Namu ƴan bindigar

Mu ma muna da masu wannan sha'awa, sai dai ba mu ɗauke su haka ba. Ƴan bindigar da ke gaban sarki ranar hawan salla a Damagaram da sauran masarautunmu, waɗanda ke harba bindigar toka sama har ƙasa ta girgiza, su ne magadan rundunar da muka ba da labarinta. Ba albashi ke riƙe da su ba, gado ne da ƙauna. Mutum zai tara kuɗin guminsa na noma ko dako ya sayi gari, don dai ya ji ƙarar bindigarsa ta fi ta abokinsa. A Maroko irin wannan wasa na doki da albarushi, tburida, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2021, hawan sallar Kano kuma ya shiga a 2024. Tsohon birnin Zinder da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa wannan hukuma tun 2006.

Amma wasan namu na fuskantar barazana ta fuska biyu. Ta farko haɗari. A unguwar da na tashi akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, mai yatsu biyu kacal a hannun dama. Muna yara muna tsammanin a yaƙi ya rasa sauran. Da na girma ya faɗa mini da bakinsa cewa ranar wata salla ce, ya yi gaggawar sake ɗuri don kada sarki ya wuce bai ji shi ba, ya zuba gari kai tsaye daga ƙahon a cikin bututu mai zafi. A yau abin ya ƙara muni, domin wasu na ƙera bindiga da bututun ruwa, suna cika ta fiye da kima don neman ƙara, a tsakiyar taron mata da yara. Ta biyu kuwa ita ce halin tsaro. Tun hare-haren Difa na 2015 da ta'asar ƴan fashin daji a kan iyakar jahar Maraɗi, duk wani abu mai suna bindiga ya zama abin zargi, kuma hukuma na da hujjar sa ido. In ƴan bindigar gargajiya ba su tsara kansu ba, wata rana haɗari ɗaya zai sa a hana wasan baki ɗaya, kuma da wuya a sami mai kare su.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga ƙungiyoyin al'adu, ina ba da shawara uku. Su haɗa kai da fadodi da gidajen tarihi, na Damagaram da na Bubu Hama a Yamai, a yi rajistar duk tsohuwar igwa da bindiga da kayan zubi da ke ajiye a fada ko a gidajen gado: a auna, a ɗauki hoto, a rubuta sunan gidan da labarinsa, kafin dillalan tsohon ƙarfe su riga mu. Su ɗauki muryar tsofaffin maƙera da sarakunan bindiga, da kalmomin sana'arsu da kirarinsu, domin kowace shekara muna binne wasu. Sannan su taimaka wa ƴan bindiga su kafa ƙungiya mai rajista wadda hukuma ta sani, mai sunayen mambobi, mai duba lafiyar kowace bindiga kafin salla, mai ƙayyade ma'aunin gari da tazara tsakanin masu harbi da jama'a. Tsohuwar igwa kuwa, in an same ta, a ajiye ta don kallo da nazari. Kada wani ya yi gigin ɗura ta, domin ƙarfen da ya shekara fiye da ɗari ba a san abin da ke cikinsa ba sai ya fashe.

Ga ƴan uwana malamai, wannan batu gona ce mai faɗi. Malamin tarihi zai sami fatauci da bauta da mulkin mallaka a ciki. Malamin kimiyya zai sami darasin ƙonewa da narkar ƙarfe. Malamin Faransanci zai iya ɗora shafin wani matafiyi kusa da ruwayar dattijon unguwa, ya ce wa yara su gano inda suka saɓa da dalilin saɓanin. Malamin Hausa kuma zai sami kalmomi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga matsayin harshen. Matsayi a takarda ba zai amfane mu ba in yaro ɗan Birni bai san cewa canon na da suna a harshen uwarsa ba.

Ɗalibin nan nawa na ba shi aikin gida: ya je ya tambayi kakansa abin da ya ji game da igwar Tanimu, ya rubuto mini shafi ɗaya da Hausa. Ya dawo da shafi huɗu, da saƙo daga tsohon cewa in zo da kaina, akwai sauran magana. Na je, kuma ina roƙon kowane malami da ya karanta wannan ya nemi irin wannan tsoho a garinsu tun yana da rai. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka zuba ƙarfen da waɗanda aka sayar don a sayo shi, ya kuma ba mu ikon faɗin labarinsu bisa gaskiya.